Judah Folkman: Likitan da ya nemi kashe sankara da yunwa, bincikensa ya ƙare da ceton ido

Judah Folkman likitan tiyata ne ɗan ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1933 ya kuma rasu a 2008. Shi ne ya kafa fannin binciken da ke nazarin yadda sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa a jikin mutum, abin da likitoci ke kira anjiyojenesis. Ra'ayin da ya yi suna da shi gajere ne: ƙarin sankara ba ya iya girma ya wuce ƙwayar gero sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, saboda haka idan aka hana jijiyoyin tsirowa an yanke wa ƙarin hanyar abinci. Ya shafe sama da shekara 40 yana bin wannan ra'ayi. Da farko an yi masa dariya, daga baya aka zuzuta shi fiye da kima, kuma magungunan da fannin nasa ya haifar ba su kawar da sankara ba. Wurin da suka fi yin amfani shi ne cikin ido.

Ta nan ne labarin ya shafi mai karatu a nan gida. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko ma'aikacin ƙaramar hukumar Wudil da ya daɗe yana fama da ciwon suga, ganinsa ya fara dusashewa, aka ce masa a asibiti sai an yi masa allura a cikin ƙwayar ido, to asalin wannan allura yana komawa ga tambayar da Folkman ya yi a 1971.

Yadda jijiya ke tsirowa

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana buƙatar iskar oksijin da abinci, kuma jini ne ke kai mata su ta cikin ƙananan jijiyoyi da suka fi gashi siranta. Iskar ba ta iya yin nisa da kanta bayan ta fita daga jijiya. Iyakarta kusan kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita, don haka duk ƙwayar da ta yi nisa da jijiya fiye da haka tana cikin ƙunci. Wanda ya san noman rani a bakin kogin Wudil ya san wannan doka: fadamar da ke kusa da ruwa tana jiƙa da kanta, amma mai son faɗaɗa gona zuwa tudu sai ya ja lambatu ko ya shimfiɗa tiyo.

A jikin babba mai lafiya jijiyoyin jini a kwance suke, ba sa yawan tsirowa. Sukan farka ne a lokuta ƙalilan: idan rauni yana warkewa, ko a mahaifar mace kowane wata, ko a lokacin goyon ciki. Da aikin ya ƙare sai su sake kwanciya. Akwai sinadaran da ke tayar da su, akwai masu kwantar da su, kuma lafiya tana cikin daidaiton biyun. Idan ma'aunin ya karkata, jijiyoyi sukan tsiro a inda ba a buƙatarsu, ko su ƙi tsirowa a inda ake nema.

Tasowarsa

An haifi Moses Judah Folkman a ranar 24 ga Fabrairu, 1933, a birnin Cleveland na jihar Ohio. Mahaifinsa malamin addinin Yahudu ne, kuma tun yana yaro yakan raka shi dubiya a asibitoci, inda sha'awar aikin likita ta shige shi. Ya kammala Jami'ar Jihar Ohio a 1953, sannan makarantar likitanci ta Harvard a 1957. Tun yana ɗalibi ya taimaka wajen ƙera ɗaya daga cikin na'urorin farko na daidaita bugun zuciya da ake dasawa a jiki.

A 1960 aka ɗauke shi aikin sojan ruwa, aka tura shi cibiyar lafiyarsu da ke Bethesda, inda ya yi shekara biyu. Abin da aka sa shi bincike shi ne ruwan da zai iya maye gurbin jini ga sojojin da ke cikin jirage a tsakiyar teku. Domin gwada ruwan, shi da abokin aikinsa Frederick Becker suka riƙa cire wata halitta daga maƙogwaron dabba, wadda idan ta kumbura a jikin mutum ake kira maƙoƙo, suna ajiye ta cikin gilashi suna ɗura mata ruwan don ta ci gaba da rayuwa. Sai suka dasa ƙwayoyin sankarar ɓera a kanta don su ga ko za su girma. Suka girma, amma duk suka tsaya a girma ɗaya, kamar kan allura, milimita ɗaya zuwa biyu. Da aka ɗauki ƙwayoyin aka mayar da su jikin ɓera mai rai, sai suka habaka suka zama manyan ƙari. Bambancin da Folkman ya lura da shi ɗaya ne: a cikin gilashi babu jijiyar jini ko ɗaya da ta shiga ƙarin, a jikin ɓera kuwa jijiyoyi sun mamaye shi.

A wannan zama na Bethesda ya gano wani abu dabam tare da David Long, wato cewa magani yana iya tsattsafowa sannu a hankali ta cikin robar silikon. A kan wannan ne daga baya aka gina Norplant, maganin tazarar haihuwa da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, kakan wanda mata ke kira ashana a asibitocinmu.

A 1967, yana da shekara 34, aka naɗa shi babban likitan tiyata na Asibitin Yara na Boston. Ya riƙe muƙamin har 1981, lokacin da ya ajiye shi don ya ba bincike dukan lokacinsa.

Maƙalar 1971

Ba Folkman ne ya fara lura cewa ƙarin sankara cike yake da jijiyoyin jini ba. Likitocin tiyata sun daɗe suna ganin haka, kuma masu bincike irin su Gordon Ide a 1939 da Glenn Algire a 1945 sun rubuta a kai. Sai dai ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa jijiyoyin tsofaffi ne da suka buɗe saboda kumburi, wato sakamako ne na ciwon, ba wani abin da ciwon ya dogara da shi ba.

A watan Nuwamba na 1971 Folkman ya wallafa maƙala a mujallar New England Journal of Medicine wadda ta juya zancen. Ya ce ƙarin da kansa ke fitar da wani sinadari mai kiran jijiyoyi. Ya ce girman ƙarin ya rataya ne a kan waɗannan sababbin jijiyoyi. Ya ce idan aka samu abin da zai toshe kiran, za a iya riƙe ƙarin yana ƙarami, ba ya cutarwa. Matsalar ita ce ba shi da sinadarin a hannu, ba shi da abin toshe shi, kuma ba a ma iya raya ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin ƙananan jijiyoyi a ɗakin gwaji ba tukuna. Masana ilimin halittu suka ɗauke shi a matsayin likitan fiɗa da ya shiga gonar da ba tasa ba. An ƙi karɓar maƙalunsa, an ƙi ba shi kuɗin bincike, kuma an riƙa gargaɗin matasan masu bincike da su guji ɗakin gwajinsa.

Ya kamata a yi wa masu sukar adalci. A kimiyya wanda ya kawo da'awa shi ke kawo hujja, kuma a 1971 hujjar Folkman ba ta kai girman da'awarsa ba. Abin da ya bambanta shi da masu ra'ayin da ke mutuwa a kan takarda shi ne ya zauna ya ƙera kayan aunawa da babu su a da.

Mafi kyawun waɗannan gwaje-gwaje a idon zomo aka yi shi, tare da Michael Gimbrone, aka wallafa a 1972. An saka ɗan guntun ƙari a cikin ruwan da ke gaban ido, inda babu jijiyar jini kusa. Guntun ya zauna a raye, bai mutu ba, bai kuma girma ba. Da aka matsar da shi ya taɓa sashen ido mai jijiyoyi, sai jijiyoyi suka shige shi, ya ninka girmansa sau dubbai cikin mako biyu. Ido ya zama musu taga, domin fatar gabansa garau take kuma ba ta da jijiya, duk jijiyar da ta ɓullo a cikinta sabuwa ce, ana iya ƙirga ta da auna tsawonta.

Daga nan aka shiga neman abin da zai hana tsirowar. Tunaninsu ya tafi ga guringuntsi, domin yana cikin sassan jiki ƙalilan da jijiyar jini ba ta shiga. Henry Brem a 1975, sannan Robert Langer a 1976, suka nuna cewa akwai wani abu a cikin guringuntsi da ke tsayar da jijiyoyi. Langer, wanda injiniya ne, ya ƙera ƙananan ƙwayoyin roba masu sakin furotin a hankali, fasahar da ta zama babban fanni mai zaman kansa a harkar magunguna. A 1979 ɗakin gwajin ya yi nasarar raya ƙwayoyin ƙananan jijiyoyi na tsawon lokaci. Kuɗin wannan aiki kuwa, kaso mai yawa ya fito ne daga yarjejeniyar dala miliyan 23 da Harvard ta ƙulla da kamfanin Monsanto a 1974, wadda ta jawo ce-ce-ku-ce a lokacin kan dacewar jami'a ta karɓi kuɗin kamfani.

Akwai wani mummunan reshe da binciken guringuntsi ya fitar ba da son Folkman ba. A 1992 wani ɗan kasuwa ya wallafa littafi yana cewa kifin shak ba ya kamuwa da sankara, kuma garin guringuntsinsa magani ne. Kasuwa ta buɗe, mutane suka zuba kuɗi. Dukan da'awowin biyu ƙarya ne: kifin yana kamuwa da sankara, kuma gwajin da aka yi a kan majinyata bai nuna wani amfani ba. Mai karatu da ke jin tallan maganin sankara ta lasifika a tashar mota, ko yana ganinsa a WhatsApp da sunan wai Turawa sun tabbatar, zai gane salon. A kan ɗauki ɗan guntun binciken gaskiya a gina masa katafaren gini na ƙarya.

Gano sinadarin

Sinadarin da Folkman ya yi hasashe ya zamana ba guda ɗaya ba ne. A 1984 Yuen Shing da Michael Klagsbrun, a asibitin nasa, suka tace wani furotin mai tayar da jijiyoyi daga cikin ƙari. Amma wanda ya zama mabuɗi ba daga ɗakin Folkman ya fito ba. A 1983 Donald Senger da Harold Dvorak, su ma a Boston, sun bayyana wani furotin da ƙari ke fitarwa mai sa jijiyoyi yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara, ɗan Italiya mai aiki da kamfanin Genentech a Kalifoniya, ya tace wani furotin mai sa ƙwayoyin jijiya su hayayyafa, ya sa masa suna VEGF. Aka gano cewa abu ɗaya ne su biyun. Idan ƙwayar halitta ta rasa iska, VEGF take fitarwa a matsayin kiran neman agaji, jijiyoyin da ke kusa su amsa ta hanyar tsiro zuwa wajenta. A 1993 Ferrara da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sinadarin garkuwa mai kama VEGF ya rage girman ƙari a jikin ɓeraye.

A ɗakin Folkman kuma aka ci gaba da tara masu hanawa. Ɗaya ya zo ne ta hanyar haɗari, lokacin da fumfuna ta gurɓata kwanon gwajin Donald Ingber, ya lura ƙwayoyin jijiya da ke kusa da ita sun daina girma. Wani kuma tsohon magani ne mai mugun tarihi, thalidomide. An sayar da shi daga 1957 ga mata masu laulayi, ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannaye da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. A 1994 Robert D'Amato ya nuna cewa maganin yana hana jijiyoyi tsirowa. Bayan wasu shekaru matar wani mai sankarar ɓargo ta tuntuɓi Folkman tana neman mafita, ya ba da shawarar a gwada shi. Likitocin jihar Arkansas ƙarƙashin Bart Barlogie suka gwada, suka wallafa sakamako mai kyau a 1999, kuma a 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo. Daga baya an gano cewa yana aiki ta wasu hanyoyi da suka wuce batun jijiya.

Michael O'Reilly kuma ya bi wani abin da likitocin tiyata suka daɗe suna mamaki, wato yadda wani lokaci idan aka cire babban ƙari sai ƙanana da suka ɓuya a wasu sassan jiki su taso. Daga wannan ya gano angiostatin a 1994 da endostatin a 1997, sinadarai biyu da suka shanye ƙari a jikin ɓeraye ta yadda ya ba kowa mamaki.

Shafin farko na 3 ga Mayu, 1998

A wannan rana jaridar New York Times ta buga labarin sinadaran biyu a shafinta na farko. A cikinsa an ruwaito James Watson, mai lambar Nobel, yana cewa Folkman zai warkar da sankara cikin shekara biyu, maganar da Watson ya ce daga baya ba haka ya faɗa ba. Washegari hannun jarin ƙaramin kamfanin da ke da haƙƙin sinadaran, EntreMed, ya tashi daga kusan dala 12 zuwa sama da dala 80 kafin ya sauko. Majinyata da iyalansu suka cika asibitoci da kiran waya suna neman maganin da ko mutum ɗaya ba a taɓa ba wa ba. Folkman kansa ya riƙa nanata cewa abin da ya tabbata shi ne suna iya warkar da ɓera mai sankara.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labarai ya san yadda irin wannan ke faruwa. Cikin labarin akwai gargaɗi da togaciya, amma abin da mai karatu ke tafiya da shi shi ne kanu da jimlar da ta fi daɗi. Da aka gwada endostatin a jikin mutane, bai cutar ba, bai kuma shanye ƙari kamar yadda ya yi a ɓeraye ba, ga shi haɗa shi da wahala da tsada. Wasu ɗakunan gwaji ma sun sha wuya kafin su maimaita sakamakon farko. Kamfanin ya dakatar da shi. Wani nau'insa da aka gyara ne kawai ƙasar Sin ta amince da shi a 2005 don sankarar huhu.

Abin da Avastin ya iya da abin da ya kasa

Tabbacin ra'ayin Folkman a jikin ɗan Adam ya zo ne daga hanyar Ferrara. Sinadarin garkuwar nan mai kama VEGF aka gyara shi ya dace da mutum, aka kira shi bevacizumab, sunan kasuwa Avastin. A gwajin da aka yi kan masu sankarar babban hanji da ta bazu, waɗanda aka haɗa musu shi da magungunan da aka saba sun rayu matsakaicin wata 20.3, waɗanda ba a haɗa musu ba wata 15.6. A watan Fabrairu na 2004 aka amince da shi, shekara 33 bayan maƙalar 1971.

Ƙarin wata biyar ba ƙaramin abu ba ne ga mai jinya da iyalinsa, amma ba shi ne warakar da aka yi alkawari ba. Ƙari yana da dabara: idan aka toshe VEGF yakan koma ga wasu sinadaran kira, ko ya lafe a jikin tsofaffin jijiyoyi ya ci daga gare su. An amince da Avastin ga sankarar mama a 2008, aka janye amincewar a 2011 saboda bai tsawaita rayuwa ba. Yana kuma da illoli: hawan jini, zubar jini, jinkirin warkewar rauni, wani lokaci hujewar hanji. Rakesh Jain na Harvard ya kawo wani bayani a 2001 cewa wataƙila amfanin irin waɗannan magunguna ba yunwa kaɗai ba ne, suna gyara karkatattun jijiyoyin ƙari na ɗan lokaci ta yadda sauran magunguna ke samun hanyar shiga.

Duk da haka magungunan wannan gida sun samu wurin zama. Sorafenib da sunitinib sun sauya jinyar sankarar ƙoda daga 2005 da 2006. A 2020 aka amince da haɗin bevacizumab da atezolizumab ga sankarar hanta, ciwon da ya shafe mu sosai saboda yawan masu ɗauke da cutar hanta nau'in B a Arewa, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Ƙoƙarin da aka yi ta ɗaya ɓangaren, wato tsirar da sababbin jijiyoyi ga mai toshewar jijiyar zuciya ko ƙafa, ya ba da fata a farko amma manyan gwaje-gwaje ba su gamsar ba.

Ido

A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, ratina, wanda ke cin iska fiye da yawancin sassan jiki. Tun 1948 likitan ido Isaac Michaelson ya yi hasashen cewa idan wannan tantani ya rasa iska yana fitar da wani abu mai kiran jijiyoyi. A 1994 masu bincike a Boston, ciki har da Anthony Adamis wanda ya yi aiki a ɗakin Folkman, da Joan Miller, da Lloyd Paul Aiello, suka nuna cewa abin nan VEGF ne, kuma yana da yawa a ruwan idon masu ciwon suga da ganinsu ya taɓu.

Ga yadda abin ke tafiya. Suga mai yawa a jini na shekaru yana lalata ƙananan jijiyoyin ratina, wasu su toshe, wasu su yi yoyo. Sashen da ya rasa jini sai ya fitar da VEGF. Jijiyoyin da ke amsa kiran ba su da ƙwari, sukan fashe su zubar da jini cikin ido, mutum ya wayi gari yana ganin baƙin hayaƙi ko yana kamar ta gizo. Idan suka yi tabo, tabon yakan ja ratina ya ɓamɓare ta. VEGF ɗin kuma yana sa ruwa ya taru a tsakiyar ratina, wurin da ake karatu da gane fuska da ƙirga kuɗi da shi. Babu zafi a matakin farko, kuma sau da yawa gani yana nan lafiya alhali ɓarnar ta yi nisa.

Magani na farko na wannan gida ga ido, Macugen, ya fito a ƙarshen 2004. A 2006 Genentech ya fitar da Lucentis, ɗan guntun sinadarin da ya yi kama da Avastin, don ciwon tsakiyar ratina na tsofaffi. A karon farko masu wannan ciwo da yawa suka ga ganinsu ya ƙaru maimakon a rage musu saurin makancewa kawai. Ferrara ya samu lambar Lasker a 2010 saboda wannan aiki.

Sai dai kafin Lucentis ya shiga kasuwa, a 2005, Philip Rosenfeld, likitan ido a Miami, ya gwada ɗiban ɗan mitsitsin Avastin na sankara ya zuba cikin ido, ya ga yana aiki. Tunda ido ɗigo kaɗan yake buƙata, kwalba ɗaya tana isar mutane da yawa. A shekarun farko bayan fitowar Lucentis, allurarsa ɗaya a Amurka ta kai kusan dala 2,000, ta Avastin kuwa kusan dala 50. Kamfani ɗaya ne ke yin su biyun, kuma bai nemi a yi wa mai arhar rajistar ido ba. Gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyin gwada su kafaɗa da kafaɗa, sakamakon 2011 ya nuna amfaninsu ga gani kusan ɗaya ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka bevacizumab cikin jerin muhimman magunguna don amfanin ido. Wannan rata ta farashi ce ta sa allurar ta iso ƙasashe irin Najeriya, inda yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya.

Arhar tana da sharaɗi. Rarraba kwalba ɗaya zuwa sirinji da yawa aiki ne da ke buƙatar tsafta ta ƙarshe, domin ƙwayar cuta ɗaya da ta shiga cikin ido tana iya makantar da shi cikin kwanaki. Hakan ya faru da wasu majinyata a Miami a 2011. A 2012 kuma an kama jabun Avastin a Amurka wanda babu maganin a cikinsa sam. Idan haka ta faru a can, mai saye a nan ba ya buƙatar dogon bayani kan dalilin da ya sa ba a karɓar wannan allura sai a hannun likitan ido, a asibitin da ya san inda ya samo maganinsa.

Abin da ya shafi Kano da kewayenta

Dole a ajiye wannan a ma'auninsa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba da kusan kashi 43 cikin 100 na makantar, sai hawan jinin ido da kusan kashi 17. Allurar da ake magana ba ta cire yana, ba kuma ita ce maganin hawan jinin ido da aka saba gani ba. Tana da nata mutanen.

Na farko masu ciwon suga, wanda ke ƙaruwa a tsakanin masu wuni zaune a shago da ofis. Ƙa'idar likitoci ita ce wanda aka gano yana da ciwon suga na manya a duba bayan idonsa tun lokacin, sannan a maimaita duk shekara, ko da yana gani garau. Dubawar ba gwajin tabarau ba ce. Ana ɗiga magani ya buɗe ɗan ido, likita ya leƙa ratina da fitila, kuma gani yakan yi hazo na 'yan sa'o'i, don haka wanda zai taso daga Wudil ko Gaya zuwa Kano kada ya yi niyyar tuƙa kansa ya koma. Manyan wuraren da aka sani da aikin ido a wannan yanki sun haɗa da Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, Asibitin Makka, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Na biyu masu amosanin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kusan 150,000 a shekara. Lanƙwasassun ƙwayoyin jininsu suna toshe jijiyoyin gefen ratina, daga nan sababbin jijiyoyi su tsiro kamar mafici, tsarin da Morton Goldberg ya rarraba zuwa matakai biyar a 1971, shekarar maƙalar Folkman. Abin lura shi ne wannan matsala ta fi kama masu nau'in SC fiye da masu SS, wato waɗanda ciwonsu ya fi sauƙi a jiki, ba sa yawan kwanciya asibiti, don haka ba kasafai ake tuna idonsu ba. A nan hasken leza ne babban magani, allurar tana taimakawa ne a wasu lokuta.

Na uku bakwaini. Jaririn da aka haifa kafin lokaci jijiyoyin idonsa ba su gama shimfiɗuwa ba, kuma iskar oksijin da ake ba shi don ceton rai tana iya rikita tsirowarsu. Wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna bevacizumab yana amfani a wasu nau'o'in wannan ciwo. Iyayen bakwainin da ya kwanta a kwalba su tambayi lokacin da za a duba idonsa kafin a sallame su, domin makonnin farko ne ke yanke hukunci.

Allurar kanta ba ta ɗaukar lokaci. Ana kashe zafi da ɗigon magani, a wanke ido, a soka ta gefen farin ido. Sai dai ƙarfinta yana ƙarewa cikin makonni, don haka akan maimaita ta wata-wata a farko, kuma wanda ya yi ɗaya ya ji sauƙi ya daina zuwa, sau da yawa kumburin yakan dawo. Ba ta gyara ciwon suga ko hawan jinin da suka haifar da ɓarnar. Wanda zai fara ya nemi likita ya faɗa masa adadin da ake tsammani da kuɗin kowace, da ko leza za ta iya rage yawan zuwa, kafin a yi ta farko.

Rasuwarsa

Folkman ya ci gaba da jagorantar sashen binciken jijiyoyin jini na Asibitin Yara na Boston har ƙarshen rayuwarsa. A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya koma ga neman alamun jini ko fitsari da za su nuna ƙari ya fara kiran jijiyoyi tun kafin a iya ganinsa a hoto. Ya faɗi ya rasu a filin jirgin sama na Denver a ranar 14 ga Janairu, 2008, yana da shekara 74, a kan hanyarsa ta zuwa Vancouver ta ƙasar Kanada, inda aka shirya zai gabatar da jawabi a wani taron masu bincike.